Darasi na Sha Huɗu: Jirgin Ƙasa Ba Ya Kauce wa Kowa

A wannan darasi za mu duba yadda mutum zai tsare ransa da na iyalinsa a duk inda hanyarsa ta haɗu da ta jirgin ƙasa, ko direba ne, ko mai tafiya a ƙasa, ko makiyayi, ko mai kasa kaya a gefen layi, ko mai sha'awar kallon jirgi da ɗaukar hotonsa. Akwai ɗan lissafi a ciki, don haka kowa ya ajiye fensir da takarda kusa.

Jirgin da muka saba da shi, da wanda yake tafe

Layin dogo ya iso Kano a shekarar 1911, ya taso daga Baro da ke bakin kogin Kwara. Zuwa 1930 ya kai Ƙaura Namoda da Nguru, a 1964 kuma ya isa Maiduguri. Da shi aka riƙa kwashe dalar gyaɗa da auduga da fatu da shanu zuwa kudu, kuma albarkacinsa garuruwa irin su Kafanchan da Minna da Funtuwa suka bunƙasa. Daga baya harkar reluwe ta yi sanyi. A wasu wurare sai jefi-jefi ake jin kukan jirgi, a wasu kuwa ya ɗauke ɗif shekara da shekaru. Jama'a suka ɗauki layin kamar filin da ba shi da mai shi. Aka kafa rumfuna, masu tumatir da masu gwanjo suka baza kaya a kan ƙarfen, mata suka sami wurin shanya, 'yan makaranta suka mai da shi hanyar yanke.

Ko da aka farfaɗo da jirgin fasinja na Legas zuwa Kano a ƙarshen 2012, tafiyar kilomita 1,126 takan ci fiye da sa'a 30. Ku raba ku gani: bai kai kilomita 40 a sa'a guda ba. Irin wannan jirgi ne ya zauna mana a zuciya, mai tafiyar hawainiya, mai ƙara tun daga nesa, wanda mai kaya zai ji tahowarsa ya kwashe tirensa a tsanake, in ya wuce ya mayar.

Zamani ya juya. A watan Yulin 2016 aka buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa. A 2021 aka buɗe na Legas zuwa Ibadan, kuma a shekarar ce aka ƙaddamar da aikin na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Waɗannan layuka sun fi na da faɗi: tsakanin ƙarafansu milimita 1,435 ne, na tsohon layi kuwa 1,067. An tsara su don jirage masu iya gudun kilomita 100 zuwa 150 a sa'a. A layuka na zamani kuma akan haɗe ƙarafan da walda, saboda haka wannan ƙaƙas-ƙaƙas da muka sani na tsohon jirgi yakan ragu ƙwarai.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne sabo. Mutumin Jibiya ko na Maraɗi, wanda bai taɓa zama kusa da layin dogo ba, zai koyi zama da shi daga farko, kuma tsoron da baƙon abu kan sa zai taimake shi. Mutumin Kano da Zariya da Gusau kuwa, wanda ya tashi yana tsallake layi sau biyar a wuni ba tare da ya waiwaya ba, aikinsa ya fi wuya, domin sai ya fara yakice tsohuwar ɗabi'a tukuna. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta.

Me ya sa jirgi ba ya tsayawa?

Duk lokacin da jirgi ya buge mota, za ka ji wani a cikin taron yana cewa, “To shi direban jirgin bai gani ba ne? Me ya hana shi taka birki?” Amsa ita ce ya gani, kuma ya ja birki. Abin ne ya fi ƙarfin birki.

Tayar mota roba ce, tana kama kwalta da kyau. Ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, kuma wurin da suke taɓa juna bai wuce santimita ɗaya ko biyu ba. Wannan santsi shi ya sa kan jirgi guda yake iya jan taragai masu yawa da man da bai taka kara ya karya ba, shi ne kuma ya sa tsayawa take yi masa wuya. Ga kuma nauyi. Ƙaramar mota ba ta cika wuce tan ɗaya da rabi ba. Kan jirgi shi kaɗai yakan kai tan 100, jirgin kaya cikakke kuwa yakan kai dubban tan. Mota mai gudun kilomita 90 a sa'a, in birkinta da tayoyinta lafiya lau suke, za ta tsaya kafin ta ci mita 100. Dogon jirgin kaya mai irin wannan gudu yana iya cin kilomita ɗaya da rabi ko fiye bayan an ja birkin gaggawa. Jirgin fasinja ya fi shi saurin tsayawa, amma shi ma sai ya ci ɗaruruwan mita. Sitiyari kuwa babu shi sam. Inda ƙarfe ya nufa, nan jirgi zai bi. Abin da ya rage wa direbansa shi ne ya ja birki, ya danna oda, ya zuba ido yana kallon abin da ba shi da ikon hanawa. Mu riƙa tunawa da waɗannan bayin Allah. Da yawansu sukan daɗe ba su sami barci mai daɗi ba bayan irin wannan rana.

Yanzu ga lissafin. Kilomita 100 mita 100,000 ke nan. Sa'a guda sakan 3,600 ce. In an raba, jirgi mai gudun kilomita 100 a sa'a yana cin kusan mita 28 a kowane sakan. Tsawon filin ƙwallo bai kai masa sakan huɗu ba. In ka hango shi a nisan mita 300, wanda ido zai ce maka yana can nesa, saura kamar sakan 11 ya iso. Tirela mai ɗauke da siminti, da ta tashi daga tsaye tana jan jiki, da wuya bayanta ya gama fita daga layi a cikin wannan lokaci.

Ido ma yana yaudararmu. Babban abu yakan yi kamar ba ya sauri. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ya ga babban jirgi yana sauka kamar an rataye shi a sama, alhali gudunsa a lokacin ya wuce kilomita 200 a sa'a. Haka jirgin ƙasa yake idan yana tahowa gaba da gaba: fitilarsa kamar tana tsaye wuri guda, sai a 'yan sakan na ƙarshe ka ga ya cika maka ido. Saboda haka kada ka taɓa cewa “zan riga shi”. Idonka ba shi da ma'aunin da zai yanke wannan hukunci.

A bakin mararraba

Da safiyar Alhamis, 9 ga Maris 2023, wata babbar bas ɗauke da ma'aikatan gwamnatin jihar Legas ta iso mararrabar jirgi ta PWD kusa da Ikeja. Masu tuta suna wurin sun tsai da motoci. Hukumomi sun ce direban bas ɗin bai bi umarninsu ba, ya kutsa yana neman ya riga jirgi. Jirgin ya ɗebe ta ya tura ta gaba a kan layi kafin ya iya tsayawa. Mutum shida suka rasu, gommai suka jikkata. Da ya jira, da jiran bai wuce na 'yan mintoci ba. Watanni uku kafin wannan, a Disambar 2022, jirgin Kaduna zuwa Abuja ya murƙushe wata ƙaramar mota a Chikakore da ke Kubwa, matar da ke tuƙa ta ta rasu nan take.

Kafin direba ya iso mararraba yakan ga alama mai kusurwa uku. In hoton shinge ne a ciki, akwai geti a gaba. In hoton kan jirgi ne, babu geti, kai ne mai gadin kanka. A bakin layin kuma akan kafa alama mai siffar harafin X. Da ganin ɗaya daga cikinsu sai a rage gudu, a kashe rediyo, a sauke gilashi, a ajiye waya, fasinjoji su yi shiru. A tsaya aƙalla mita biyar kafin ƙarfen farko. A duba dama, a duba hagu, a sake duba dama, a kasa kunne. A tsallaka da giya ta ɗaya ko ta biyu, kuma kada a canza giya a kan layi, domin a nan ne tsohuwar mota take yawan mutuwa. Ba a wuce wata mota a mararraba. Ba a zagaye sandar geti in ta sauka, ko da an daɗe ana jira kuma ba a ga komai ba.

Akwai kuskure guda da ya fi kowanne yawa a biranenmu, kuma mafi yawan masu yin sa ba sa ganin laifi ne: hawa layi a cikin cunkoso. Motar gabanka ta matsa, kai ma ka matsa, sai ta tsaya, ka tsinci kanka a kan ƙarfe, gaba mota, baya a-daidaita-sahu uku, gefe 'yan acaɓa. In jirgi ya ɓullo a wannan hali, ina za ka? Ƙa'idar ita ce kada gaban motarka ya taɓa layi sai ka ga fili a ƙetare wanda zai ɗauki motarka dukanta, har da rarar mita biyu ko uku. Na bayanka zai yi ta danna oda, wataƙila ya zage ka. Ƙyale shi. A Oktoban 1995, a wani gari kusa da Chicago a Amurka, wata bas ta 'yan makaranta ta tsallake layi ta tsaya a jar danja, direbar tana zaton ta gama fita, ashe bayan motar bai bar hurumin jirgi ba. Ɗalibai bakwai suka mutu. Dalili shi ne jikin jirgi ya fi layinsa faɗi; yakan zarce ƙarfen da kusan mita guda a kowane gefe. Direban doguwar mota ya san tsawon motarsa da awo, ba da kintace ba.

To, in geti a buɗe yake fa, ko mai tuta bai fito ba? Nan ma a duba. A Nuwamban 2012, kusa da Manfalut a lardin Asyut na ƙasar Masar, jirgi ya buge wata bas ɗauke da ƙananan yara 'yan makarantar reno, kimanin yara 50 suka rasu. Mararrabar a buɗe take. Hukumomi sun ce mai gadinta barci yake yi. Ministan sufuri ya yi murabus a ranar, amma murabus bai dawo da ɗa ko ɗaya ba. Mai geti ɗan Adam ne, yana barci, yana rashin lafiya, yana zuwa salla. Fitila da ƙararrawa kuma suna lalacewa, ana ɗauke wuta, ɓarayi suna sace waya. Geti taimako ne. Dubawa aikinka ne.

Inda layi biyu ne ko fiye, kamar kusa da tasha, akwai wani tarkon. Jirgi ya wuce, kowa ya zabura, ashe na farkon ya tare wani da ke tahowa ta ɗaya ɓangaren, ƙararsa kuma ta rufe ƙarar na biyun. Haka ta faru da wasu 'yan mata biyu, masu shekara 13 da 14, a tashar Elsenham ta Ingila a Disambar 2005: ƙararrawa tana ci gaba da kaɗawa, suka ɗauka ta jirgin da ya riga ya iso ce. Bayan jirgi ya wuce a dakata har sai an iya hango nesa ta kowane gefe a kan kowane layi.

Yanayin ƙasarmu yana ƙara wa abin wuya. Da hunturu hazo yakan rufe gari har ba a hango abin da ke nisan mita 200. Da damina dawa da gero sukan yi tsawo su tare gefen layi a ƙauyuka, sai ka zo dab kafin ka ga ƙarfen. Da dare kuma, taragan kaya ba su da fitila a jikinsu, kan jirgi ya riga ya wuce da haskensa, sai mai gudu ya zo ya afka wa tsakiyar jirgin da ke gitte a gabansa. Mai babur da mai keke su tsallaka ƙarfen kai tsaye, ba a karkace ba, don kada taya ta zame ko ta faɗa ramin da ke gefen ƙarfe, musamman in an yi ruwa. Direban tirela mai ƙasa-ƙasa ya lura da mararraba mai tudu, domin cikin motar yana iya zama a kan ƙarfen, tayoyi su rasa abin kamawa. In akwai shakka, yaron mota ya sauka ya duba kafin a hau.

Fasinja ma yana da haƙƙi a wuyansa. Mun cika yin shiru a mota don kada a ce mun fiye surutu ko mun raina direba. In kin ga direba zai kutsa, Hajiya, ɗaga murya ki ce ya tsaya. In ya ƙi, a nemi ya sauke ku. Wanda kuma yake zuga direba da “taka mana, mun makara” ya sani yana da kaso a cikin abin da zai biyo baya.

In mota ta mutu a kan layi

Abu na farko, kowa ya fita. Ba a tsayawa ɗaukar jaka ko neman takalmi. A fara da yara da tsofaffi. In ba a hango jirgi ba, bayan an fitar da kowa sai a sanar da mai geti ko tasha mafi kusa, a kira 112, lambar gaggawa ta Najeriya, ko 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra. A tura mutum biyu su bi gefen layi, ɗaya ta wannan ɓangare ɗaya ta wancan, su yi nisa sosai, riƙe da jan ƙyalle. In babu, ɗaga hannu biyu sama ko kaɗa fitila da ƙarfi cikin dare alama ce ta haɗari ga direban jirgi. Daga lissafin da muka yi kun ga dalilin yin nisa: tutar da aka ɗaga a mita 50 daga motar ba ta da amfani. Sannan masu ƙarfi su tura motar, wani yana tsaye yana duba hanya.

In kuwa jirgi ya riga ya ɓullo, a bar motar. A gudu ta ɓangaren da jirgin yake fitowa, ana karkacewa ana nisantar layi. Wannan yakan ba mutane mamaki, domin zuciya cewa take yi a guje wa jirgin. Amma in ya bugi mota, gaba yake watsa tarkacenta, wato inda ya dosa. Wanda ya gudu can, ƙarafa da gilasai za su same shi. In kuma sandunan geti suka sauka kana tsakiya, motar kuma tana da rai, kada ka tsaya tunanin fenti ko gilashi. Ci gaba ka ture sandar. In ta ƙi, fita ka bar motar.

Masu tafiya a ƙasa, 'yan kasuwa da makiyaya

Tafiya a tsakiyar layi tana da daɗi saboda babu laka, babu motoci, kuma hanya ce miƙaƙƙiya. Amma mafi yawan ƙarar jirgi a gefensa da bayansa take, ba a gabansa ba, iska kuma tana iya kwashe ta. Matashin da ya toshe kunnuwansa da abin jin waƙa, ya ba jirgi baya, ya rufe ƙofa ta ƙarshe da gargaɗi zai shigo masa. Wanda dole ya bi ta wurin ya bi can gefe, bayan tsakuwar da aka zuba. Gadar jirgi kuwa ba ta mutane ba ce ko kaɗan. Faɗinta na jirgi ne kawai, in ya same ka a tsakiya babu wurin raɓewa.

A tasha, jirgin da yake tsaye ba matacce ba ne. Kada a bi ta ƙarƙashin tarago ko ta tsakanin taragai biyu don yanke hanya, kada a zauna a inuwarsa, kada a bar yara su yi ɓuya a wurin. Direban yana can nesa, ba ya ganinka, kuma tarago yana iya motsawa ba tare da wata sanarwa ba. A wurin canjin layi ƙarafa suna motsi su matse; ƙafar da ta shiga tsakani ba ta fita. A kan dandamali a tsaya bayan layin da aka shata, a riƙe hannun yaro, a tattare babbar riga da mayafi.

Masu kasa kaya a kan layi, a Agege da Oshodi ko a garuruwanmu na arewa, neman halak suke yi, kuma ba wanda zai raina wannan. Amma tsarin “in ya taho mu kwashe” ya dogara ne da jirgi mai rarrafe. Sakan 11 ba ya isa a kwashe tire, balle a ɗauki yaron da ke wasa a gefe. Shugabannin kasuwa su nemi hukuma ta ba da wani wuri tun kafin a yi rashi. Makiyayi kuma kada ya kora garke duka a lokaci guda. A raba shi kashi-kashi, mutum ɗaya ya tsaya yana duba layi, a bi ta ƙarƙashin gada ko kwalbati in akwai. In saniya ta tsaya a kan layi jirgi yana tafe, a bar ta. Na san abin da saniya take nufi ga mai ita, amma ana mayar da dukiya.

A watan Oktoban 2018, a birnin Amritsar na Indiya, jama'a sun taru kallon wani biki da ake ƙona mutum-mutumi ana harba tartsatsin wuta. Da yawa suka hau layin dogo don su fi gani, wasu suna ɗauka da wayoyinsu. Ƙarar wasan wutar ta rufe ƙarar jirgi, kimanin mutum 60 suka mutu cikin 'yan sakan. Duk mai shirya taro kusa da layi, na biki ne, ko wa'azi, ko siyasa, ko kallon ƙwallo, ya sa mutane musamman su tsare wannan gefe.

Masu sha'awar jirgi

Son kallon jirgi ba abin kunya ba ne. A ƙasashe da yawa akwai ƙungiyoyin masu wannan sha'awa, suna tara hotuna, sun san lambar kowane kan jirgi da shekarar da aka ƙera shi. A nan ma, tun da sababbin jirage suka fara aiki, matasa suna tururuwar ɗaukar hoto da bidiyo don Facebook da TikTok, masu waƙa da masu hoton kafin aure kuma suna son layin dogo saboda kyan da yake yi a hoto.

Matsalar ita ce mai kallon fuskar waya ba ya ganin komai sai abin da ke cikinta, kuma waya tana nuna abu kamar ya fi nisa. Mai ɗaukar kansa hoto ya juya wa jirgi baya ke nan. A Fabrairun 2014, a jihar Jojiya ta Amurka, masu shirya wani fim suka hau gadar jirgi da kayan aikinsu ba tare da izinin masu layin ba. Jirgin kaya ya same su a kai, wata ma'aikaciyar kyamara ta mutu, wasu suka ji rauni, daraktan fim ɗin kuma ya tafi gidan yari. Waɗannan ƙwararru ne masu kuɗi da kayan aiki. Mai son hoto ya tsaya a dandamalin tasha, ko a kan gadar sama ta masu tafiya, ko a fili mai nisan aƙalla mita biyar daga ƙarfe, ya jawo hoton da kyamara maimakon ya matsa da ƙafarsa. Kada ya haska wa direban jirgi fitila a ido. Mai shirin ɗaukar fim ko waƙa ya nemi izinin Hukumar Jiragen Ƙasa a rubuce. Kuma layin da ya yi tsatsa, ciyawa ta rufe shi, ba shaidar cewa ya mutu ba ce. Jirgin gyara ko na kaya yana iya biyowa ranar da ba a zata ba.

Hawa rufin tarago da maƙalewa a ƙofa, wanda aka daɗe ana fama da shi a jiragen cikin Legas, laifi ne da ake kama mutum a kansa, kuma gada ko waya ɗaya ta isa ta kakkaɓo mutum. Masu zuwa Legas su san wani sabon abu: jirgin Blue Line da ya fara aiki a Satumban 2023 tsakanin Marina da Mile 2 da lantarki yake tafiya, kuma wutar tana bi ta wani ƙarfe na uku da ke shimfiɗe a gefen layin. Taka shi kaɗai yana kisa, ko babu jirgi a kusa. Iyaye kuma su hana yara ɗora ƙusa ko dutse a kan ƙarfe da jifan jirgi. Masu kwance ƙusoshi da ƙarafan layi su sayar wa 'yan gwangwan, da masu saye a hannunsu, su sani ran ɗaruruwan fasinjoji suke sayarwa, kuma wanda ya gani ya yi shiru bai kyauta wa kowa ba.

“Tsautsayi ba ya wuce ranarsa”

Haka mukan ce in abu ya faru, kuma magana ce mai sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi. Amma ba a yi ta don direba ya riƙe ta hujja kafin ya kutsa geti ba. Malamanmu sun sha bayyana cewa tawakkali yana tafiya ne tare da ɗaukar mataki, kuma wanda ya jefa rayukan mutane cikin halaka da ganganci zai amsa tambaya.

Ba kuma a kan talaka kaɗai nauyin yake ba. Mararrabar da ta fi kowacce aminci ita ce wadda aka kawar, aka yi gada a madadinta, kamar yadda aka yi a Ikeja da Yaba da Oyingbo da Mushin saboda jirgin Red Line na Legas. Inda sabon layi ya raba ƙauye da gonakinsa ko da mashayar dabbobi, in ba a yi wa mutane hanyar wucewa ba, za su fasa shinge su yi tasu, kuma nan ne za a riƙa samun gawa. Haƙƙin jama'a ne su nemi gada, da geti, da mai tuta, da alamu, da sare ciyawar da ta tare gani. A rubuta takarda ta hannun mai unguwa da dagaci da kansila zuwa ƙaramar hukuma da ofishin reluwe, a ajiye kwafi, a riƙa bibiya.

Tambayoyi

1. Jirgi yana gudun kilomita 72 a sa'a. Mita nawa yake ci a sakan guda? In yana nisan mita 400, sakan nawa ya rage ya iso?
2. Kawo dalilai biyu da suka sa jirgi ba ya iya tsayawa da wuri kamar mota.
3. Kana tuƙi cikin cunkoso, motar gabanka ta tsallake layi ta tsaya dab da shi, na bayanka yana ta oda. Me za ka yi, kuma don me?
4. Me ya sa ake gudu ta ɓangaren da jirgi yake fitowa in mota ta mutu a kan layi?

Aikin gida

Ku haɗu uku-uku ku je mararrabar jirgi mafi kusa da ku, ku tsaya nesa da layi na tsawon rabin sa'a. Ku rubuta ko akwai alama, da geti, da mai tuta. Daga ina ake fara hango jirgi ta kowane gefe, kuma me ya tare gani. Motoci da babura nawa suka tsaya suka duba, nawa suka wuce kai tsaye. Waɗanda babu layi a garinsu su tambayi direbobi uku a tashar mota abin da za su yi in motarsu ta mutu a kan layi, su rubuta amsoshinsu. Ku zo da abin da kuka samu mako mai zuwa, da shi za mu koyi rubuta takardar koke zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma. Kafin nan, kowa ya zaunar da yaran gidansa yau da dare ya yi musu lissafin sakan 11.